Anzar Kwana Huɗu

Ranar Litinin ce. Na tashi da kiran assalatu kamar kullum. Na share tsakar gida, ko da yake babu abin sharewa sai rairayi. Kaji mun cinye su tun kaka. Akuyarmu ta ƙarshe ta mutu wata biyu kafin nan. Na hura wuta na ɗora ruwa zalla, don kawai 'yata Tsahara ta ga hayaƙi ta yi shiru. Shekararta biyar a lokacin. Inna, mahaifiyata, tana zaune a bakin ɗakinta da carbi, ƙafafunta a miƙe, duk sun kumbura.

Mu uku ke nan a gidan. Maigidana ya tafi Kano neman abin da za mu ci tun da hatsi ya ƙone a tsaye. Sau ɗaya saƙonsa ya iso: rabin tiyar garin rogo, ƙulle a tsumma. Na ɓoye shi a cikin wani tsohon tulu. Na ce ba za a taɓa shi ba sai ranar da babu makawa.

Garinmu yana gabas da Zermu. Ba zan faɗi sunansa ba. Babu shi yanzu, kuma ni ban ga abin tunawa a cikinsa ba.

Shekara ta biyu ke nan ta fari, zamanin soja. Tsahara yanzu malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a nan Damagaram. Takan ce mini duniya ce gaba ɗaya ta ɗumama, wai hayaƙin injinan wasu ƙasashe masu nisa ne ya kore mana damina. To, ita ta yi karatu. Ni abin da idona ya gani tafki ne. Ina yarinya, tafkinmu yakan shanye raƙumi har wuya, ruwansa kuma yakan kai wata daminar. Da na yi aure ya soma janyewa tun kafin bazara. Kowace shekara sai ya ƙara ja da baya. Gawo da aduwar da ke bakinsa suka bushe a tsaye. A shekarar da nake faɗa, abin da ya rage bai fi faɗin masallacin garinmu ba. Ruwa iya gwiwa, kore, mai kauri.

Anza muke ci. Ga wanda bai sani ba, 'ya'yan wani ɗan itacen daji ne wanda fari ba ya kashewa. Ƙwayarta kamar gujiya, ɗacinta kuwa ya wuce misali, kuma ɗacin nan guba ne. Sai an jiƙa ta kwana bakwai, kowace safiya a zubar da ruwan a sa wani, sannan a dafa a ci. A garinmu Inna ce mai ɗanɗanawa. Mata sukan kawo mata ƙwaya ɗaya a tafin hannu. Ta tauna, ta tofar. In ta ce "Ya fita," a je a dafa. In ta ce "Da saura," a mayar cikin ruwa. Ba a taɓa jin wanda cikinsa ya ɓaci ba bayan bakin Inna ya yarda.

Tun kakanni a gida ake jiƙa anza, cikin tukwane. Ruwan ɗacin a zuba shi a rami a rufe da ƙasa, kada dabba ta sha. Amma a shekarar nan rijiyarmu ta kusa ƙafewa. A jefa guga, a jira, ya fito rabinsa yashi. Kowane gida tulu ɗaya a wuni. Tulu ɗayan za a sha, ko za a jiƙa anza a zubar?

Ni na fara. Ranar Alhamis na ɗura anzata a buhu, na ƙulle bakinsa, na jefa shi cikin tafki, na ɗaure igiyar a wani kututture. Na ce tafki ya yi mini aikin. Inna ta hana ni. Ta ce ruwan ya yi kaɗan, ba zai iya ɗaukar ɗacin ba. Na ce mata rikicin tsufa ne. Wallahi haka na faɗa wa uwata. Kafin Asabar mata sun bi sawuna. Buhuna sun fi ashirin a cikin ɗan ruwan nan, duk a nitse, ba a ganin ko ɗaya.

Tafkin ba namu ba ne mu kaɗai. Gefen yamma na mutanen gari ne, gefen gabas na shanu, haka muka tarar. Akwai wani tsohon makiyayi, Baba Sambo, dogo mai farin gemu. Ya fi shekara talatin yana sauka a bayan garinmu kowace kaka. Shanunsa su kwana a gonakinmu su bar mana taki, mu ba shi damin hatsi. Ragon sunan Tsahara daga garkensa ya fito, kyauta. Fari ya cinye masa dukiya, saura saniya shida da maruƙa uku. Babu wanda ya taka ya faɗa masa abin da muka sa a ruwa. Ni ma ban je ba.

Da hantsin Litinin ɗin nan na ji hayaniya ta wajen ƙofar masallaci. Gidanmu yana kusa, na leƙa ta saman danga. Baba Sambo ne tsaye gaban maigari, riƙe da ƙwarya da hannu biyu. Ruwan tafki ne a ciki. Maruƙansa uku sun mutu da asuba, da kumfa a baki. Ko anza ce ta kashe su, ko yunwa ta riga ta gama da su, Allah ne masani. Bai ɗaga murya ba. Ya miƙa ƙwaryar ya ce, "Maigari, ɗanɗana ka ji." Sau uku ya faɗa.

Maigari ya san abin da ke cikin ruwan sarai. Buhu biyu na gidansa ne. Ya kau da kai yana sosa gemu. Maza sun cika inuwar masallaci, kowannensu matarsa tana da buhu a tafki. Babu ɗaya da ya buɗe baki ya ce, Baba, laifinmu ne, yi haƙuri. Da wannan kaɗai ta isa, na san halin tsohon. Maza gemu-gemu suka zauna suna kallon ƙasa.

Sai wani ƙaton banza, ɗan ƙanen maigari, ya tashi ya doke ƙwaryar. Ruwan ya wanke wa tsohon fuska. Baba Sambo ya ɗaga sandarsa. Bai kai ga saukewa ba. Ƙaton ya zabga masa ƙotar gatari a ƙeya. Na ji ƙarar daga bayan danga, kamar an fasa kabewa. Ya faɗi rub da ciki. Ƙafarsa ɗaya ta yi shure-shure, ta daina.

Sai muryar maigari.

"Ku ɗauke shi daga nan! Maza!"

Ba wanka, ba likkafani, ba salla. Suka ja shi ta ƙafa, gemunsa yana sharar ƙasa. Suka cusa shi cikin wani rumbu da babu ko ƙwayar hatsi a ciki, suka rufe. Mutumin da ya yi shekara talatin yana tsayawa sahu ɗaya da su.

Abin da ya biyo baya shi ne wanda har yau na kasa mantawa da shi. Shanunsa shida suna tsaye a bayan gari inda ya bar su. Kafin azahar an kayar da biyu. Wai ko an bar su mutuwa za su yi. Aka yi bisimilla aka yanka. Bisimilla fa! Aka kasa nama gida-gida sai ka ce layya. Aka kira azahar. Suka yi alwala da maiƙo a hannu, suka yi salla taku goma daga rumbun nan. Gari duk ya ɗauki ƙaurin nama. Yara suna tsalle suna murna, su ba su san komai ba. Tir!

Aka kawo mana namu kason. Zan faɗi gaskiya, na karɓa. Wata uku rabona da nama. Tsahara tana riƙe da zanena tana haɗiyar yawu. Na ɗora tukunya. Inna, wadda ba ta tashi sai an kama ta, ta dogara sandarta ta taso. Ta tunkuɗe tukunyar cikin toka. Ta dube ni kawai, ta koma ta zauna. Na ji ƙyamar kaina, na ji ƙyamar garin da aka haife ni.

Babu wanda ya tuna da matar Baba Sambo. Tana can rugarsu ta ga ana jan shanun mijinta, mijin bai dawo ba. Ta yanki daji ta kai kuka wajen 'yan'uwansu makiyaya. A shekarar nan dajin cike yake da makiyaya waɗanda fari ya koro daga arewa. Yawancinsu sun rasa komai, saura sanda da takobi.

Inuwar dangarmu ta kusa kai tsawon mutum, ba a kira la'asar ba tukuna. Karnuka suka soma haushi ta gabas. Sai ihu, ba na mutum ɗaya ba. Sai ƙarar bindigar toka, sau ɗaya. Kibiya ta faɗo tsakar gidanmu ta kafe a jikin turmi, tana rawa.

"Ga su nan! Ku fito!"

"Yamma! Ku yi yamma!"

Wuta suka fara sawa. Shekara biyu babu ruwan kirki, kowace danga da kowane rufin ɗaki a bushe suke ƙayau. Iska kuma daga gabas take. Kafin in shiga ɗaki in fito, rabin gari ya kama. Kara yana fashewa tas, tas, tas. Hayaƙin ya haɗu da ƙaurin naman da ke kan murhu.

Waɗanda suka zo ba su tambayi wanda ya yi kisan ba. Ƙaton nan shi ya fara gudu. Da idona na gan shi ya tsallake danga, rungume da cinyar saniya. Maigari ya bi bayansa, ya bar iyalinsa. Wanda suka samu Malam Isa ne, tsohon masaƙi, kurma, wanda bai ma san abin da aka yi da safe ba. Yana zaune a masaƙarsa suka sare shi. Maƙwabciyata Barira ta fito da goyo, kibiya ta same ta a wuya a ƙofar gidanta. Wanda ya harbe ta ya gan ta da kyau, ya ga goyon. Tir da su, tir da mu.

Na goya Tsahara. Na fasa tulun na ɗauki ƙullin garin rogo na soke a ƙugu. Na kama hannun Inna. Hanyar yamma ta bakin tafki take bi. Muna isa na hango igiyata a jikin kututture. Na saki Inna, na faɗa cikin laka, na jawo buhun. Jiƙaƙƙe sharkaf, nauyi kamar mutum.

"Bar shi!" Inna ta daka mini tsawa. "Kwanansa huɗu!"

Ban bari ba. Na aza shi a ka. Abin da muka fita da shi ke nan daga garin da aka haifi Inna, aka haife ni.

Da farko muna cikin jama'a. Inna ba ta da sauri, sai ana wuce mu ɗaya bayan ɗaya. Mazan da suka ci nama da rana sun fi kowa ƙarfin gudu. Babu wanda ya ce kawo in kama miki tsohuwa. Da magariba mu uku ne kaɗai a dajin. Bayanmu sama ta yi ja. Muka kwana a gindin wata busasshiyar kuka.

Niyyata Damagaram, gidan yayana Laminu, majemi ne a unguwar Birni. Abin da na sa a raina ɗaya ne: in shigar da tsohuwar nan da yarinyar nan gidansa da ransu.

Talata. Muka tashi kafin rana ta fito. Buhun yana ɗigo mini ruwan ɗaci a fuska, idona yana yaji. Da hantsi muka kai wani gari. An rufe rijiyarsu da ƙyauren ƙarfe, maza suna zaune kewaye da ita da sanduna. Labarinmu ya riga mu zuwa.

"Ku wuce! Kada ku jawo mana masifa!"

Muka wuce. Bayan gari wata tsohuwa ta biyo mu da ruwa a ɗan bido, wato ƙaramin galan. Ta ajiye a ƙasa, ta juya, ba ta ko gaishe mu ba. Allah ya saka mata da alheri. Ruwan na sha ne, bai kai a jiƙa komai ba.

Hanya duk mushen shanu. Ungulu sun ƙoshi har ba sa iya tashi, sai dai su matsa mana. Warin ya shiga zanena, na yi kwanaki ina jin sa. Ƙasa tana ƙona tafin ƙafa. Babu inuwa, itatuwan duk babu ganye.

Da azahar Tsahara ta daina kuka. Duk wadda ta yi reno ta san irin wannan shirun. Na sauke ta. Na kwance garin rogo, na ɗiba, na yayyafa ruwa, na kasa uku. Inna ta tura nata gaban yarinyar. Na mayar mata. Ta sake turawa. Ta ce garin ba zai kai mutum uku Damagaram ba, amma zai kai biyu. Raina ya ɓaci. Ni mai saurin baki ce tun ina yarinya, bakin nan ne ya cuce ni. Na rantse da Allah in ba ta sa komai a cikinta ba, ni ma ba zan ci ba.

Ta ce in kwance buhun. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya, ta tauna, ta tofar.

"Da saura," in ji ta. "Kada yarinyar nan ta taɓa. Ke ma kada ki taɓa, ke ce mai ɗaukar mu. Ni cikina ya saba."

Ta cika tafinta. Anzar ta yi laushi a ruwa, tana taunuwa. Ta ci, ta ƙara wani tafin. Fuskarta ko motsi ba ta yi ba. Ta ce to, ta ci, rantsuwata ta fita, in ci nawa.

Na ci. Na ce wa kaina ai gaskiya ne, shekara nawa tana tauna anza. Amma na sani. Tun da nake ban taɓa ganin Inna ta haɗiye mai ɗaci ba, tofarwa take yi. Ina ganin maƙogwaronta yana motsi na kau da kai. Yunwa nake ji, kuma ina so garin ya kai mu. Wannan ma ban ɓoye shi ba.

Laraba. Da asuba ta fara amai, kore shar. Sai gudawa. Na goge ta da yashi da gefen zanena. Ta ce in ba ta sandarta. Ta tashi, ta yi tafiya. Da hantsi muka hau kwalta. Can muka tarar da irinmu da yawa, daga garuruwa dabam-dabam, kowa ya nufi yamma, babu mai yi wa wani magana. Wata kamiyo, babbar motar kaya, ta taho shaƙe da buhunan hatsi. Na tsaya a bakin hanya na ɗaga hannu biyu. Mutanen da ke zaune a kan buhunan suka dube mu, ɗaya yana cin goro. Ko rage gudu ba ta yi ba.

Da azahar ƙafafun Inna suka ƙi. Ta zauna a kan kwalta. Na jefar da buhun a gefen hanya. Na sauke Tsahara na ce ta riƙe zanena. Na goya uwata. Ba ta kai nauyin buhun ba.

Mun yi taku kaɗan na ji hayaniya a bayana. Na waiwaya. Wasu mata biyu sun faɗa kan buhun, kowacce tana ja, 'ya'yansu suna tsintar abin da ya zube suna kaiwa baki.

"Kwanansa huɗu!" na ƙwala musu. "Ku jiƙa shi! Kada ku ba yara!"

Ko ɗagowa ba su yi ba. Ban koma ba. Ban san abin da ya same su ba.

Alhamis. Da safe na ba Tsahara ragowar garin, na karkaɗe mata tsumman a tafi ta lashe. Ruwan bido ya ƙare tun jiya. Inna tana bayana, numfashinta a wuyana, zafi rau. Ba ta ƙara amai ba, babu abin da ya rage. Da hantsi duwatsun Damagaram suka bayyana. Na ce, "Inna, ga gari." Kanta yana kwance a kafaɗata. Na ci gaba da tafiya.

Rana ta take tsaka ta ce in sauke ta. Na kwantar da ita a inuwar wani babban dutse. Leɓunanta sun tsage. Ta nemi ruwa, babu. Ta ce, "Yarinyar ta ci?" Na ce ta ci. Ta ce, "Madalla." Daga nan muna jin kiran azahar na cikin gari, ƙasa-ƙasa. Na ɗora kanta a cinyata ina yi mata kalmar shahada. Kafin a gama kiran ta rasu.

Wani mai amalanken jaki ya tsaya, ya kai mu har ƙofar gidan Yaya Laminu a Birni. Aka yi wa Inna wanka, aka sa ta a likkafani, majema 'yan'uwansa suka yi mata salla da la'asar. Ta samu abin da Baba Sambo bai samu ba.

Daga baya muka ji jandarmomi sun je garin. Sun tarar da toka. Rumbun ma ya ƙone da abin da ke cikinsa. Sun kama wasu daga nan, wasu daga can. Ƙaton nan ba ya cikinsu. Bayan shekaru na gan shi a kasuwa yana sayar da goro, ya yi ƙiba, ana ce masa Alhaji. Ya gane ni, ya washe baki zai gaishe ni. Na tofar da yawu a gabansa na wuce.

Maigidana ya dawo bayan damina, ya same mu a Birni. Ba mu koma ba. An ce mini inda tafkin yake yanzu fili ne, ko ciyawa ba ta fitowa sosai.

Mu uku muka fito daga gida, biyu suka shiga gari da ƙafarsu. Ranar sadakar uku, mata suna ta shigowa gaisuwa, ni ina gefe ina ƙirga a yatsu. Alhamis na sa buhun a ruwa. Litinin na cire shi. Alhamis Inna ta rasu. Kwana uku ya rage masa.